Littattafai Uku a Cikin Kayan Jere

Amarya ba ta halartar jeren ɗakinta. Ranar da gwaggona ta jagoranci matan danginmu zuwa gidan da zan zauna, a wani lungu kusa da Ƙofar Kabuga, ni ina gidanmu a Jakara, hannuwa da ƙafafuwa a cikin leda, ina jiran lalle ya kama. Su ne suka kafa gado, suka rataya labule, suka shirya kwanuka da tangaran a cikin kabad mai gilashi. Abin da ya shige musu duhu ba su aiko sun tambaye ni ba, domin ba a tambayar amarya. Saboda haka sai da na kwana a gidan, gari ya waye ranar Asabar, sannan na ga abin da suka yi.

Dole in koma baya kaɗan. Ina da wasu littattafai uku na Turanci, labari ɗaya ne aka raba shi kashi uku. Wata 'yar ajinmu a jami'a ce ta bar mini su lokacin da za ta bar Kano. Ƙagaggen labarin soyayya ne, a wata ƙasa da babu ita a duniya, inda mayaƙa suke hawan dodanni maimakon dawaki. Dodannin wasu halittu ne na almara, masu jiki irin na kada da fukafukai irin na jemage, kowanne ya fi soron gidanmu girma, suna kuma fesa wuta ta baki. Kowane littafi ya zo da rigar takarda mai sheƙi, a jikinta an zana dodo ya wangale baki, ga wata mace a bayansa gashinta a sake. Na san wannan ba hoton da zan ajiye a gidan mahaifina ba ne. Ranar da na kawo su na tuɓe rigunan, na ninke su, na tura ƙarƙashin katifa. Abin da ya rage shi ne bango mai tauri, kore mai duhu, da rubutun ruwan zinariya a ƙashin bayansa, gefen takardun ma an shafe shi da ruwan zinariya. Shekara biyu ina yaba wa kaina da wannan dabara. Ko sau ɗaya ban tsaya na lura da irin littattafan da suka koma kama da su ba.

Da biki ya matso, na saka su a ƙasan akwatin takarduna na makaranta, na ce wa ƙanwata wannan akwatin a gida zai zauna. Daga baya na ji cewa Gwaggo ce ta buɗe shi, tana neman takardar shaidar digirina don a sa mata gilashi a rataya a falo. Ta samu takardar. Ta kuma samu abin da ke ƙarƙashinta.

Da hantsin Asabar ɗin mata suka fara shigowa ganin ɗaki. An zaunar da ni a falo a kan kafet, an lulluɓe ni da mayafi mai shara-shara, kaina a sunkuye kamar yadda ake so. Na ɗan ɗaga ido don in ga kabad ɗin da aka sha wahalar shigowa da shi ta lungu. A kantar sama, wadda ta fi kowace daraja, an shimfiɗa farin leshi. Daga dama Alƙur'ani ne a cikin jakarsa, kusa da shi littafin addu'o'i, kusa da wannan kuma littattafaina uku, a tsaye, ruwan zinariyarsu yana ɗaukar ido.

Na yi sauri na mayar da idona ƙasa.

"Ku ɗaga ido ku dubi sama," in ji Gwaggo, tana nuna wa matan gidan. "'Yarmu ba kwanuka kaɗai ta kawo muku ba. Waɗannan da kuke gani, kowanne ta sauke shi daga bango zuwa bango."

"Na mene ne?" wata ta tambaya.

"Na ilimi mana! Kin taɓa ganin an ɓata ruwan zinariya a kan shirme?"

Aka yi ta sa albarka. Wata tsohuwa daga maƙwabta ta goge tafin hannunta a jikin zane, ta yi bismilla, sannan ta shafa bayan na tsakiya da yatsa biyu. Ina kallonta ta cikin mayafi, bakina a rufe. Amarya ba ta magana a irin wannan zama, kuma ko da tana yi, ban san da wace kalma zan fara ba.

Hajiya, mahaifiyar mijina, ita ce ta shigo a ƙarshe. Tun kafin aure na san ko wace ce. Mijinta malami ne, ya rasu shekaru da suka wuce, ita kuma ta ci gaba da karantar da matan aure a tsakar gida bayan la'asar, daga Asabar zuwa Laraba. Tana karanta Larabci da ajami, tana karanta Hausar boko a hankali, amma ba ta jin Turanci. Sashena da ɗakinta tsakar gida ɗaya suke kallo, wato duk ranar da zan yi a gidan a gaban idonta zan yi ta. Ba ta dubi kwanuka ba, ba ta taɓa labule ba. Ta tsaya a gaban kabad, ta ce a sauko mata da na farkon littattafan nan uku. Ta karɓe shi da hannu biyu.

"Har da taswira," ta ce, da ta buɗe shafin farko. Ta ci gaba da buɗawa a hankali, sai ta tsaya. "Amarya, waɗannan wuraren da aka lanƙwasa bakin takarda, ke kika yi?"

Gwaggo ta amsa a madadina. "Ita ce mana, Hajiya. Ai ba ta wasa da karatu."

"Malam ma haka yake yi, sai dai shi zare yake sawa." Ta rufe littafin, ta rungume shi a ƙirji. "Zan tafi da wannan. Ranar Alhamis ba mu da karatu. Ki zo bayan la'asar ki fassara mana, mu ma mu ji abin da ake koya muku. Daga wuraren da kika lanƙwasa za mu fara, tunda su ne masu muhimmanci."

Wuraren da na lanƙwasa iri biyu ne. Akwai inda labarin ya sa ni kuka, na yi alama don in riƙa komawa. Akwai kuma inda marubuciyar ta bi jarumar da masoyinta har cikin ɗaki, ta ƙi janyo ƙofa. Waɗannan na biyun na lanƙwasa su ne wata rana da ƙanwata ta roƙi aro, da niyyar in ce ta tsallake su. Sai na gane cewa hanya na nuna mata, na hana ta aron baki ɗaya, alamun kuma na bar su yadda suke. Daga waje babu mai iya bambanta su. Ni kaina ba zan iya ba sai na buɗe.

Da yamma, bayan an watse, na gaya wa mijina. Shi ma bai san da littattafan ba, don duk tsawon zuwansa zance ban taɓa ambatarsu ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke? Ke da kike gyara mini Hausa a saƙon waya? Dodo?"

"Ba abin dariya ba ne."

"To, ji nan, amarya. Ki ce tarihin yaƙe-yaƙen Turawa ne. Duk inda kika ga dodo, ki ce doki."

"Dokin da yake tashi sama?"

"Ki ce yana da gudu."

"Inda suka shiga ɗaki fa?"

"Sun shiga shawara. Mayaƙa ai suna shawara."

Na roƙe shi ya je ya karɓo littafin da wata dabara. Ya tashi yana murmushi, ya tsallaka tsakar gida. Da ya dawo babu murmushin. Ya zauna a hannun kujera.

"Ta ɗora shi a kantar Malam," ya ce. "A saman littattafansa. Tun da ya rasu babu abin da aka ƙara a wurin nan. Ko ni ba na taɓawa." Ya shafa ƙeya. "Ta ce mini Allah ya kawo wa gidan nan wadda ta san darajar takarda. Na kasa tambayarta littafin."

Daga wannan lokacin na san abin da nake tsoron rasawa. Matar da zan rayu a gabanta ta yi mini kallo mai kyau a ranar farko, bisa kuskure, kuma ranar Alhamis ko dai in yi mata ƙarya a gaban ɗalibanta, ko kallon ya faɗi a gabansu.

Ina so in faɗi yadda aka yi na kamu da labarin, domin ban ɗauke shi abin wasa ba a lokacin, yanzu ma ban ɗauke shi ba. Na karanta shi ne bayan na gama bautar ƙasa, cikin shekara ɗaya da rabi da na yi a gida ina neman aiki. Wanda bai yi irin wannan zaman ba zai yi wuya ya gane nauyinsa. Ka yi wanka, ka goge kaya, ka je a dubi takardunka, a dube ka, a ce za a neme ka. Ka dawo ta cikin kasuwa, kowa yana da abin da yake yi da hannunsa, kai kaɗai kake riƙe da ambulan. Bayan la'asar nakan hau saman benenmu da sunan kwashe shanya. Daga can ana ganin rufin kwano mai tsatsa, da tankunan ruwa, da wayoyin lantarki sun sarƙe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Sama da duk wannan akwai shirwa biyu ko uku suna shawagi, ba sa ko kaɗa fiffike. A nan nake zama da littafin, na jingina da tanki.

Jarumar labarin 'yar baduku ce, tana ɗinka wa mahaya sirdi. Mahaifina ma baduku ne a Kasuwar Kurmi, don haka tun shafin farko na san warin ɗakin da take zaune, na san yadda zare mai kaki yake yanka gefen yatsa. An aike ta ne ta auno bayan wani tsohon dodo da mahayinsa ya mutu, wanda ya ƙi yarda kowa ya kusance shi. 'Ya'yan manya sun yi layi don ya zaɓi ɗayansu, har sun gaji. Ita ta je da igiyar awo a hannu, ba ta neman komai sai ta gama ta tsere. Sai ya sauke mata wuyansa har ƙasa. Na karanta wannan shafin ban san sau nawa ba. Mutumin da ake ta dubawa ana ajiyewa gefe ya san daɗin labarin da babban abu mai ban tsoro ya tsallake kowa ya ce ke nake so.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne abin da ya biyo baya. A labarin, dodo yana jin tunanin mahayinsa. Ba ta da inda za ta ɓoye masa komai. Ya san tana jin tsoron tsayi, ya san tana hassadar wasu, ya san ranar da ta yi niyyar gudu. Duk da haka kullum da safe yana sauke wuya. Ni kuwa tun ina ƙarama aka san ni da natsuwa, ana nuna ni ga sa'o'ina a ce su yi koyi, har na saba da tace kowace magana kafin ta fito. Na gaji da tacewa, ban kuma san na gaji ba sai da na karanta labarin wadda aka gani gaba ɗayanta aka ƙi jefar da ita. Soyayyar ma a kan wannan aka gina ta. Masoyin wani mahayi ne da ya rasa dodonsa, aka sa shi ya koya mata aikin. Ba ya iya daɗin baki. Abin da yake yi shi ne kafin kowane tashi sai ya durƙusa ya duba ɗaurin sirdinta da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ko da sun yi faɗa. Sauran abin da ke cikin shafukan da na lanƙwasa, ba zan ce ban karanta ba. Na karanta. Amma ɗaurin sirdin nan shi nake tunawa idan aka ce so.

Duk wannan ba abin da zan iya faɗa a tsakar gida ba ne, a gaban mata ashirin da allunansu.

Ranar Lahadi da safe na je gaishe da Hajiya. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta ce in shigo. Kantar Malam tana bangon gabas, littattafai masu bangon fata da masu bangon kwali, wasu takardunsu sun yi ja don tsufa. A samansu nawa yake kwance, sabo fil, yana ƙyalli.

"Malamarmu, kin tashi lafiya?" ta ce.

Na amsa, idona a ƙasa. Sunan ya bi gida. Kafin Litinin ɗalibanta ma da shi suke kirana idan sun wuce ta ƙofar sashena. Abinci ya daina shiga. 'Yan uwana da suke zuwa suka ce kewar gida ce, kowace amarya tana yi.

Ranar Litinin ɗin na ɗauki shawarar mijina da gaske. Na sauko da sauran littattafan biyu daga kusa da Alƙur'ani, na sa su a cikin durowa, na kuma ɗauko sabon littafin rubutu. Hausa na karanta a jami'a, kuma a kan fassara na rubuta kundina na ƙarshe, saboda haka na ce aikin ba zai gagare ni ba. Na san babin farko kusan da ka. Na fara rubuta shi da doki. 'Yar baduku ta je auna bayan wani ingarma mai ban tsoro. Ya yi kyau har shafi biyu. Sai na zo inda suka tashi, gari ya koma ƙanƙane a ƙarƙashinsu, iska ta ɗauke mata numfashi. Na rubuta cewa dokin ya hau dutse. Na soke. Na rubuta cewa ta yi mafarki. Na soke. Kowace ƙarya sai ta buƙaci wata ta tokare ta, kuma ina rubutawa ina ganin fuskar Hajiya tana gyaɗa kai, tana karɓa, wataƙila har ta tsayar da ni ta ciro wa ɗalibanta darasi daga abin da na ƙirƙira da safe. Wanda ba ya jin harshe, idan ya ce ka fassara masa, kunnensa ya ba ka riƙo. Ba shi da hanyar da zai bi ya gane ko ka ci amana. Wannan shi ne abin da na rubuta a babin farko na kundina, da kalmomi masu tsawo, lokacin da ban san za a gwada ni da shi ba.

Ranar Talata wata daga cikin ɗaliban ta leƙo ta ce mini za ta zo da 'yarta ranar Alhamis. "Tana aji biyar a sakandare, Turanci a bakinta kamar ruwa, amma ta fi son waya da karatu. Ina so ta zauna kusa da ke ta riƙa bin layin da ido, ko Allah zai sa ta yi sha'awa." Na ce Allah ya kai mu. Da ta fita na zauna a bakin gado. Yanzu ko ƙaryar ma ba ta da tabbas.

Laraba ta wuce ban san yadda ta wuce ba. Na share falo sau uku.

Ranar Alhamis, ana idar da sallar azahar, na ɗauki littafin rubutun nan, na yafa mayafi, na tsallaka tsakar gida. Taku goma sha biyar ne tsakanin ƙofata da tata. Rana ta take, siminti yana ƙona tafin ƙafa, an riga an jingina tabarmi a bango don zaman la'asar. Hajiya tana kan dadduma da carbi a hannu.

"Shigo, malamarmu. Kin yi gaggawa, la'asar da saura."

"Hajiya, magana na zo da ita."

Ta ajiye carbin. "Mijinki ne? Faɗa mini tun yanzu in yi maganinsa."

"A'a, ba shi ba ne. Littafin nan ne." Na durƙusa a gabanta. "Ba littafin ilimi ba ne. Ƙagaggen labari ne."

"Tarihi?"

"A'a. Bai faru ba. Ƙasar da ke cikin taswirar ma babu ita."

"Babu ita." Ta maimaita a hankali. "Wa ya zauna ya zana taswirar ƙasar da babu ita?"

"Marubuciyar."

"Labarin mene ne?"

Na gaya mata. Na faɗi dodannin, da fukafukan, da wutar, da 'yar baduku, da mutumin da take so. Ban taɓa jin labarin ya yi ƙanƙanta irin na wannan rana ba, a cikin ɗakin nan mai ƙanshin tsohuwar takarda.

"Tatsuniya ke nan," ta ce.

"Tatsuniya ce, Hajiya. Mai tsawo."

Ta dafa bango ta miƙe. Ta je ta ɗauke littafin daga kan kantar Malam, wannan karon da hannu ɗaya, ta ajiye shi a ƙasa a gabana. Sannan ta kama bakin mayafinta ta goge saman littafin Malam, wanda nawa ya kwanta a kansa, a hankali, tun daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Kwana biyar," ta ce, ba ta juyo ba. "Kwana biyar tatsuniya tana kwance a kan littattafan Malam, kina shigowa kina gaishe ni, kina kallonta."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Tsoron ki daina yi mini kallon da kike yi mini."

Ta dawo ta zauna. "Gwaggonki ta sani?"

"Ba ta sani ba. Laifina ne. Suna da riguna masu hoto, ni na cire don kada a gani a gidanmu. Da suna jikinsu babu wanda zai yi kuskure."

"Wuraren da kika lanƙwasa fa?"

"Wasu inda na yi kuka ne. Wasu kuma ba zan iya karanta su a gabanki ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ikon Allah. Da a gaban matan unguwa za ki zazzage mini su?"

"Da na canja su. Na ma fara." Na tura mata littafin rubutun. "Na mai da dodon doki."

Ta buɗe, ta bi layi biyu da yatsa, leɓenta yana motsi, ta ga inda na yi ta sokewa. "Me ya hana ki ƙarasawa?"

"Ba kya jin Turanci, Hajiya. Duk abin da na ce, shi za ki ɗauka."

Ta rufe littafin rubutun, ta ɗora a kan ɗayan. Can ta ce, "Ke da digirinki, me kike nema a cikin tatsuniya?"

Na yi ƙoƙarin in amsa daidai. Na ce mata na karanta shi ne a lokacin da babu wanda yake zaɓata a ko'ina. Na ce dodon yana jin duk abin da ke zuciyar yarinyar, har abin da take jin kunyarsa.

"Ya san matsoraciya ce?"

"Ya sani."

"Bai kayar da ita ba?"

"Bai kayar da ita ba."

"To." Ta ɗauki carbinta. "Ni ba dodo ba ce, 'yar nan. Ba na jin abin da ke zuciyar mutum sai ya buɗe baki ya faɗa. Ki riƙe wannan, don zama za mu yi. Littattafan kuma ki aika gidanku a kawo rigunansu ki mayar musu. Kowanne ya zauna da fuskarsa, kuma ba a kantar sama ba. Tashi ki je."

Bayan la'asar matan suka hallara, har da mai 'ya 'yar sakandare. Ina sashena, ina jin komai ta taga. Hajiya ta ce musu babu fassara, 'yan jere sun yi kuskure, littafin tatsuniyar Turawa ne a kan masu hawan dodo, kuma amarya da ƙafarta ta zo ta faɗa. Tsakar gida ta ɗauki dariya. Na ji muryar tsohuwar nan tana cewa, "Ni dai bismillata ba ta faɗi ƙasa ba, ko tuwo ma ana yi masa." Wata ta ɗaga murya don in ji: "Amaryar dodo, a fito a gaisa mana!" Sunan ya zauna mini a lungun nan wata da watanni. Gwaggo ta bugo waya washegari, ta ce na sa ta ta yi wa'azi a kan tatsuniya a gaban surukai, ta kashe kafin in ba ta haƙuri. Ƙanwata ta kawo rigunan a cikin leda, duk sun yi layin ninki. Na goge su da tafin hannu, na mayar wa kowanne tasa, na jera su a kantar ƙasa kusa da kofunan shayi, dodannin suna kallon duk wanda ya shigo.

Hajiya ba ta sake ce mini malamarmu ba. Ta koma amarya, daga baya ta koma 'yar nan. Tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da abin da ta dafa, amma na kasa gane matsayina a wurinta, kuma kullum na shiga ɗakinta idona sai ya je kan kantar Malam. Haka na zauna kusan wata uku, ina auna kowace kalmarta.

Wata ranar Talata da hantsi suka dawo daga asibiti ita da mijina, an yi mata gwaje-gwaje saboda kumburin ƙafa da saurin gajiya. Ina wanke-wanke ta kira ni. Na same ta a bakin gado da farar takarda a hannu, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

"Hajiya, na gaya miki ba wani abu ba ne," yake cewa. "Hutu kawai suka ce ki riƙa yi."

"Na ji. Je ka wurin aikinka." Ta jira har ƙarar takalminsa ta fita soro, sannan ta miƙo mini takardar. "Wannan tausayina yake ji, dodo zai mayar mini doki. Zauna ki karanta mini abin da suka rubuta."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na karanta takardar sau ɗaya a zuci. Sannan na fara daga layin farko, ina faɗa mata da Hausa, kalma bayan kalma, har da inda aka ce zuciyar ta yi rauni, har da inda aka ce a dawo da ita wurin babban likita cikin mako biyu. Ta saurara, idonta a rufe. Da na gama ta ce in maimaita mata layi na uku, a hankali, na maimaita.